Firintar Ƙarfe: Yadda Saitin Leza Ke Gyara Ƙarfe Ko Ya Ɓata Shi

Saura kwana tara mu gabatar da firojet ɗinmu, injin ɓare gyaɗar da muka shafe wata uku muna haɗawa ya ba mu kunya. Mun kunna shi a gaban malamin da ke duba mana aikin, ya yi kamar minti huɗu yana juyawa lafiya lau, sai muka ji ƙas! Ƙafar da ke riƙe da moto ta ɓalle, bel ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnen abokina. Allah ne ya tsare. Ni na yi waldar wurin da hannuna, kuma wallahi a ido ta yi kyau, har fenti na shafa mata.

Malam ya ɗauki guntun da ya karye, ya jujjuya shi, ya miƙo mini. "Duba tsakiyar nan," in ji shi. "Wutarka ta yi kaɗan, kuma ka yi sauri. Sama ta kama, ciki bai kama ba."

Na ce, "Malam, ai a waje ba a ga komai ba."

Ya ce, "To dama a waje ake gani?"

A lokacin ina tsakiyar karatun maudu'in semina da aka ba ni, wato yadda ake gina kayan ƙarfe da hasken leza, abin da ake kira firintin ƙarfe. Na kwana biyu ina karantawa ba ya shiga kaina. Daren ranar da na koma kan takardun sai na ga ashe injinan nan masu tsadar gaske, waɗanda ake yin kayan jirgin sama da su, ciwon da ke damun su shi ne wanda ya karya ƙafar injinmu: yawan wuta da saurin tafiya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuto wa 'yan uwana ɗalibai abin da na fahimta, musamman 'yan sashen injiniya da ke shiga wakshop kullum.

Yadda injin yake aiki

A cikin injin akwai akwati rufaffe da aka cire masa iska aka cika da iskar argon ko naitirojin, domin ƙarfe mai zafi idan ya haɗu da iskar oksijin lalacewa yake yi. A ƙasan akwatin akwai faranti na ƙarfe. Wani hannu yana shimfiɗa garin ƙarfe a kan farantin, siriri sosai, kaurin maikiron 20 zuwa 60. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, kuma gashin kan mutum yakan kai kimanin maikiron 70. Ke nan shimfiɗar ba ta kai kaurin gashi ba.

Daga nan hasken leza, mai ƙarfin wat 200 zuwa 400 a yawancin injina, zai bi ta kan garin yana narkar da wuraren da zanen kwamfuta ya nuna kawai. Faranti ya sauka kaɗan, a sake shimfiɗa gari, leza ta sake bi. Haka za a yi ta yi, hawa kan hawa. Abu mai tsayin santimita 4, idan kowace shimfiɗa maikiron 40 ce, sai an yi hawa 1,000 kafin ya kammala. In an gama a kakkaɓe garin da bai narke ba, a yanke kayan daga jikin faranti.

An fara wannan hanya ta narkar da gari gaba ɗaya a cibiyar Fraunhofer da ke birnin Aachen na Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Yau ta wuce wasan ɗakin gwaji. Kamfanin GE na Amurka yana yin bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP da ita, injin da ke jikin Airbus A320neo da Boeing 737 MAX. Da can guntaye 20 ake haɗawa, yanzu guda ɗaya ake ginawa, kuma nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin 100. A shekarar 2021 masana'antarsu da ke Auburn a jihar Alabama ta fitar da na 100,000.

Abin da za a riƙe shi ne, kayan da aka gina haka, daga ƙasa har sama, walda ce. Layukan walda ne ƙanana dubbai a jere, wasu kan wasu. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar walda ya san abin da hakan ke nufi: kowane layi dama ce ta yin kuskure.

Abubuwa huɗu da ake saitawa

Mai sarrafa injin yana da abubuwa da yawa da zai iya taɓawa, amma huɗu ne manya: ƙarfin leza, saurin tafiyarta, tazarar da ke tsakanin layi da layi, da kaurin shimfiɗar gari. Tazarar layi ku ɗauke ta kamar tazarar kunya da kunya a gona. In ta yi faɗi, za a bar fili a tsakani da ba a taɓa ba.

Akan haɗa huɗun a lissafi ɗaya don a san yawan zafin da ke shiga kowane ɗan yanki na gari. A raba ƙarfin leza da abin da aka samu idan aka ninka sauri da tazara da kauri. Misali, wat 200, saurin milimita 800 a sakan, tazarar milimita 0.1, kaurin milimita 0.04. Ninka ukun ƙarshe ya ba da 3.2. Raba 200 da 3.2, an samu jul 62.5 a kowace milimita mai kusurwa uku, wato tsayi da faɗi da zurfi. Ku riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Idan zafi ya yi kaɗan

Wannan shi ne ciwon waldata. Idan leza ba ta da ƙarfi, ko ta yi gudu, ko tazarar layi ta yi faɗi, ɗan tafkin narkakken ƙarfen da take yi ba zai yi zurfin da zai kama hawan da ke ƙasa ba. Sai a bar wani gurbi a tsakani, sau da yawa da ƙwayoyin gari a ciki da ba su narke ba. Kun san gudajin tuwo, wanda in ka fasa shi za ka tarar da ɗanyen gari a tsakiya? To haka yake.

Irin wannan gurbi shi ne mafi haɗari, saboda ba zagayayye ba ne. Shimfiɗaɗɗe ne mai kaifin baki, kuma a bakin nan ne nauyi yake taruwa. Ƙarfen da ke aiki a inji kullum ana ja ana saki, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta katse. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe. Tsaga takan fara ne daga irin wannan baki, ta riƙa ci a hankali ba wanda ya sani, sai rana ɗaya a ji ƙas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan zafi ya yi yawa

Mutum zai ce to a ƙara wuta mana a huta. Nan ma akwai matsala. Idan leza ta yi ƙarfi kuma tana tafiya a hankali, ƙarfen ba narkewa kawai zai yi ba, tafasa zai yi ya zama tururi. Tururin yana danna narkakken ƙarfen ƙasa, ya haƙa rami siriri mai zurfi. Hasken yana shiga ramin yana karo da bangonsa, zafi ya ƙaru, ramin ya ƙara zurfi. Da ya yi zurfi da yawa sai ya fara rawa, bangonsa ya rufta kamar rijiyar da ba a ɗaure ba, kumfar tururi ta maƙale a ƙasa, ƙarfe ya daskare a kanta. Abin da za a samu shi ne ƙananan ramuka zagayayyu a can ƙasan layi.

An ga wannan da ido. Masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon da cibiyar Argonne da ke kusa da Shikago sun haska ƙarfe da hoton ƙashi mai tsananin ƙarfi da sauri yayin da leza ke narkar da shi, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2019. Sun nuna cewa ramin tururin nan yana samuwa a kusan duk saitin da ake aiki da shi. Ke nan samuwarsa ba laifi ba ce, zurfinsa da rawarsa ne ke haifar da ramuka.

Akwai ciwo na uku. Idan aka ƙara ƙarfi aka kuma ƙara gudu sosai, tafkin yakan yi tsawo ya sirance, sai ya tsinke ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo, kamar yadda siririn ruwan buta ke rabuwa ya zama ɗigo-ɗigo kafin ya kai ƙasa. Saman hawan ya zama gargada, garin da za a shimfiɗa a kai ba zai kwanta daidai ba, kuskure ya haifi kuskure.

Yanzu mu koma kan 62.5 ɗinmu. Wat 50 da saurin milimita 200 a sakan, da tazara da kauri irin na ɗazu, shi ma 62.5 zai bayar. Wat 400 da saurin 1,600 shi ma haka. A takarda duk ɗaya ne. A cikin inji kuwa tafkin da kowanne zai yi daban ne a zurfi da tsawo: na farko yana iya kasa kama hawan ƙasa, na ƙarshe yana iya dunƙulewa. Lissafin bai san faɗin hasken ba, bai san irin ƙarfen ba, bai san yadda zafi ke gudu a cikinsa ba. Alminiyam, alal misali, yana mayar da haske kamar madubi kuma yana kwashe zafi da sauri, don haka saitin da ya yi wa ƙarfe mara tsatsa daidai ba zai yi masa ba. Saboda haka masu aikin sukan gina ƙananan gwaji da yawa, kowanne da saitinsa, su yanka su duba, su zana taswirar ƙarfi da sauri. A tsakiyar taswirar akwai ɗan fili inda ƙarfe ke fita a cike. Gaba kura baya sayaki, sai dai a bi ta tsakiya.

Ko babu rami, da sauran magana

Waɗanda suka yi darasin kimiyyar kayan aiki za su tuna ranar da muka goge ɗan guntun ƙarfe har ya yi sheƙi, muka ɗiga masa asid, muka sa a madubin ƙara girma. Abin da muka gani kamar gonaki ne da iyakoki. Waɗannan su ne ƙwayoyin ƙarfe, kuma girmansu da siffarsu da yadda suka jeru su ne ke sa ƙarfe ya yi tauri ko laushi, ya lanƙwasu ko ya karye. Abin da ke tsara su kuwa shi ne yadda ƙarfen ya huce.

Maƙeranmu sun daɗe da sanin wannan. Maƙeri yana gasa bakin gatari ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya yi tauri. In ya wuce gona da iri, bakin ya riƙa ɓantarewa. A firintar ƙarfe, tafkin ƙanƙani ne kuma yana zaune kan ƙarfe mai sanyi, don haka yana hucewa da saurin digiri 100,000 zuwa 1,000,000 a sakan. Babu ruwan maƙerin da ya kai nan.

Wannan sauri wani lokaci alheri ne. Ƙarfe mara tsatsa samfurin 316L, idan aka gina shi da saiti mai kyau, yakan fito da wasu ƙananan ɗakuna a cikin ƙwayoyinsa, kamar saƙar zuma, faɗinsu bai kai maikiron ɗaya ba. Masu bincike a cibiyar Lawrence Livermore ta Kalifoniya sun nuna a 2017 cewa irin wannan ƙarfe yana iya ninka na gargajiya ƙarfi sau biyu zuwa uku, kuma bai rasa iya miƙewarsa ba. A al'ada in ƙarfe ya ƙara ƙarfi yakan rage miƙewa, shi ya sa abin ya ja hankali.

Wani lokaci kuma matsala ne. Gamin titaniyam da aka fi amfani da shi, mai kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, idan ya huce da wannan sauri cikinsa yakan cika da wasu siraran allurai da ake kira matensait. Yana da ƙarfi sosai amma ba ya miƙewa yadda ake so kafin ya karye. Dole sai an mayar da shi tanda an gasa a wajen digiri 800 kafin ya dace da aiki.

Sai kuma alƙiblar ƙwayoyin. Zafi yana gudu ne zuwa ƙasa, wajen faranti, kuma kowane sabon hawa yana narkar da saman na ƙasa ya ɗora daga inda ya tsaya. Saboda haka ƙwayoyin sukan girma a tsaye, dogaye, su ratsa hawa da yawa kamar damin kara. Mai faskare ya san itace ya fi saurin tsagewa ta tsawonsa. Haka ƙarfen nan: in ka ja shi ta tsaye halinsa daban, in ka ja ta kwance daban. Don a rage wannan, akan juya alƙiblar layukan leza a kowane hawa, sau da yawa da digiri 67, yadda layuka ba za su riƙa faɗawa kan juna ba. Ke nan hatta yadda aka kwantar da zanen a kan faranti, a tsaye ko a kwance, yana canja ƙarfin abin da zai fito.

Tsagewa da karkacewa

Ba kowane gami ne ke yarda a gina shi ba. Alminiyam mai kashi 10 na silikon, wanda dama na zubi ne, yana ginuwa lafiya. Amma samfurin 7075 mai ƙarfi da ake jikin jirgin sama da shi, da 6061, tsagewa suke yi. Dalili shi ne ba sa daskarewa lokaci guda. Dogayen ƙwayoyi suna fara tsayawa, ragowar ruwan ƙarfe ya rage a siraran lunguna tsakaninsu, ƙarfen yana tsukewa, ruwan ya kasa cike gurbin, sai wurin ya yage. A 2017 masu bincike na HRL da ke Malibu a Kalifoniya suka wallafa mafita a mujallar Nature. Sun lulluɓe garin da ƙananan ƙwayoyin zakoniyam, waɗanda suka zama kamar iri: maimakon dogayen ƙwayoyi kaɗan, sai ƙanana masu yawa suka tsiro ko'ina, tsagar ta ɓace. Darasin a nan shi ne, wani ciwon saiti ba ya maganinsa, sai an taɓa haɗin garin kansa.

Karkacewa kuma duk mai walda ya san ta. Ka haɗa ƙofar ƙarfe a miƙe, ka gama walda ka ga ta murɗe. Wurin da ya yi zafi yana tsukewa in ya huce, ya ja na kusa da shi. A firinta ana yin haka sau dubbai, sai ja ya taru a cikin kayan. Yana iya ɗaga gefensa daga faranti ana cikin gini, ko ya lanƙwashe da zarar an yanke shi. Maganin da ake yi: a ɗumama faranti tun farko, a gina 'yan ginshiƙai da za su riƙe kayan, a gajarta layukan leza, sannan a gasa kayan a tanda tun yana manne da faranti kafin a yanke.

Ga kayan da rai ya dogara a kansu akwai ƙarin mataki. Ana sa su a tukunyar matsi mai zafi, ga titaniyam kimanin digiri 920 da matsin argon da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 1,000, na tsawon awa biyu. Matsin yana rufe ramukan ciki. Amma ramin da ya buɗe zuwa waje ba ya rufuwa, domin iskar tana shiga cikinsa. Gyaran baya ba ya maye gurbin saiti mai kyau.

Mu ina ruwanmu?

Na san wani zai ce, mu da muke rabon injin walda ɗaya mu goma sha, ina mu ina leza? Tambaya ce mai kyau. Amsata biyu ce.

Ta farko, abin ba shi da nisa kamar yadda muke zato. A Afirka ta Kudu, jami'ar fasaha ta Central University of Technology da ke Bloemfontein tana da cibiya da ke gina ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi na titaniyam, daidai da jikin kowane majinyaci. Makarantar fasaha ce, asalinta irin tamu. Kayan da aka gina da leza suna cikin jirage da asibitoci, kuma mu ne masu diflomar da wata rana za a miƙa wa irin wannan kaya a ce mu ɗaura ko mu duba. Ranar nan ya kamata mu san tambayoyin da za mu yi: da wane gari aka yi shi, ta wace fuska aka gina shi, an gasa shi bayan gini, kuma wane gwaji aka yi masa?

Ta biyu, hanyoyin gane lafiyarsa yawancinsu muna da su. Auna nauyin abu a iska da cikin ruwa don a san ko akwai rami a ciki, dabarar Arkimidis ce da muka yi tun sakandare. Yankawa da gogewa da dubawa a madubi, mun yi. Gwajin tauri da gwajin ja har ya katse, suna cikin manhajarmu. Har siffar ramin tana ba da labari: shimfiɗaɗɗe mai gari a ciki, zafi ya yi kaɗan, zagayayye a ƙasan layi, zafi ya yi yawa. Wanda ya iya karanta karyayyen ƙarfe a wakshop ɗinmu, ko a rumfar masu zubin tukwane a Panteka, ya riga ya yi rabin karatun.

Injin gyaɗarmu dai mun gyara shi. Na yanke tsohuwar waldar gaba ɗaya, na fere bakin ƙarfen don wuta ta samu hanyar shiga. Amma kafin in taɓa injin, sai da na samo guntaye shida na irin ƙarfen, na yi musu walda da wuta daban-daban da sauri daban-daban, na rubuta kowanne da alli, na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya na karya da guduma. Biyu sun rabu a tsakiya kamar ta farko. Ɗaya ta huje. A cikin ukun da suka rage na zaɓi wadda ƙarfen ya lanƙwashe waldar ba ta saki ba, da ita na yi aikin. Sai daga baya na lura cewa abin da na yi da alli da guduma shi ne taswirar da masu leza ke zanawa.

'Yan ajin da ke bayanmu, idan lokacin firojet ɗinku ya zo, ku ware ɗan ƙarfen da za ku karya da gangan. Kuɗinsa bai kai na fenti ba, kuma shi ne zai gaya muku abin da ke ƙarƙashin fentin.